Yadda ake tattara tarihin tsohon sojan gidanku, tun daga akwatin ƙarfe har ya zama ɗan littafi

Kakana na wajen uba ya je yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, ya dawo ya kama noma, ya tara 'ya'ya da jikoki gida guda, amma ranar da Allah ya yi masa rasuwa muna zaune a wajen makoki wani dattijo ya tambaya ko wace bataliya ya yi, wallahi duk yawanmu aka rasa mai amsa. Abin da kowa ya sani kawai Baba tsohon soja ne, ya je Bama, shikenan. Abin ya tsaya min a rai sosai, shi ne na ɗauki littafi da biro na fara bin dangi gida-gida, sai da na kusa shekara biyu kafin na haɗa abin da za a kira tarihinsa. Daga nan abokai da maƙwabta suka riƙa nemana in taya su na nasu iyayen, wasu 'yan yaƙin basasa, wasu sun je Kwango, wasu ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo. To hanyar da nake bi ce zan shimfiɗa a nan. In tsohon naku yana raye ka fi kowa sa'a, fara gobe. In ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, aikin yana yiwuwa, sai dai ya fi cin tafiya.

Kayan da za ka tanada

Wayar da ke ɗaukar murya da hoto, ba sai mai tsada ba, amma ka share ta ka samu fili ko ka sa mata memori. Caja da fawa-bank, don hirar tsoho ba ta jiran wuta. Littafi mai kauri guda ɗaya wanda ba ka rubuta komai a ciki sai wannan aikin, biro biyu, da fensir, shi fensir na rubutu a bayan hoto ne. Manyan ambulan ko fayil na kwali, farin ƙyalle mai tsabta na shimfiɗa kaya, da ɗan buroshi mai laushi. Sai abin gaisuwa, goro ko sabulu ko turare ko sukari gwargwadon ƙarfinka, ba a shiga ɗakin tsohuwa hannu biyu a ce a ba ni labari. Sai kuɗin mota, don shi ne zai fi cin aljihunka.

In wayarka ba ta ɗaukar murya da kyau ka tafi da mutum na biyu, kai kana tambaya shi yana rubutu. Mutum ɗaya ba ya iya haɗa sauraro da rubutu, rabin maganar zai zube.

Mataki na 1: Fara da babban gida

Kafin ka taɓa akwati ko ka kunna waya ka je wajen wanda yake riƙe da gidan, babban wa ko baffa, ka gaya masa abin da kake son yi da dalili. Ka faɗa a fili cewa tarihi kake nema don jikoki su san kakansu su riƙa yi masa addu'a, babu maganar gado, babu maganar fansho. Wannan jimlar ka maimaita ta a duk gidan da ka shiga, saboda da zarar an ga mutum yana neman takardun mamaci abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne an ji ƙanshin kuɗi. Na taɓa ganin aiki ya tsaya cak wata huɗu a wani gida don kawai ƙaramin ɗa ne ya fara bai sanar da yayyensa na ɗaya ɗakin ba. In gidan mata biyu ne ko uku ka samu mutum ɗaya daga kowane ɗaki ya san abin da ake ciki tun ranar farko.

Mataki na 2: Buɗe akwati

Kusan duk tsohon soja yana da inda yake ɓoye kayansa, yawanci akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko jakar fata, ko gwangwanin da aka ɗaure da tsumma. Ka buɗe shi gaban mutum biyu aƙalla. Shimfiɗa farin ƙyallen a inuwa kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, ka fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ɗauke shi hoto gaba da baya kafin ka ajiye, kuma ka kashe filashin waya don yana wanke rubutu. Ka ba kowane abu lamba a littafinka, 1 takardar sallama, 2 katin fansho, 3 hoto da kaki, haka har ƙarshe.

Ga inda mutane ke ɓarna da kyakkyawar niyya. Don Allah kar ka kai asalin takarda a yi mata laminashin, zafin injin yana cin tawada kuma in an rufe ta an rufe kenan, ba ta ƙara fita. Fotokwafi za ka yi wa laminashin in kana so. Kar ka liƙe yagaggiyar takarda da salatif, bayan 'yan shekaru sai ya koma ruwan ƙasa ya bar tabo a kan rubutun. Takardar da ta manne da 'yar uwarta saboda danshi kar ka fizge, ka bar ta ta sha iska a ɗaki kwana biyu sannan ka gwada a hankali. Mindodi kuma, wato lambobin yabon da ake ratayawa a ƙirji, kar ka goge su da toka ko lemon tsami don su yi ƙyalli, buroshi ya isa, kuma kar ka cire tsohon ƙyallen da ke jikinsu ko da ya koɗe, launinsa shaida ne.

In babu akwati, ko gara ta cinye, ko gobara, kar ka karaya. Tambayi wanda ke raka shi karɓar fansho, sau da yawa akwai fotokwafin takardu a hannunsa. Tambayi 'ya'ya mata da suka yi aure nesa, su ne masu tafiya da hoton uba su ɓoye a ƙasan adaka shekara talatin.

Mataki na 3: Karanta abin da kayan ke faɗa

Abu uku kake nema a takarda, lambarsa ta soja, rundunar da ya yi wa aiki, da ranar shiga da ranar sallama. Lambar ta fi suna muhimmanci, ga dalili. A zamanin Turawa akawun da ke rubuta kurata ba ya bin sunan uba, sai ya rubuta sunan mutum ya liƙa masa garinsu, ko ma garin da aka ɗauke shi, shi ya sa za ka ga irin su Audu Kano, Garba Sakkwato rututu a takardun wancan lokacin, kuma Muhammadu ɗaya ana iya rubuta shi Momo ko Mamadu ko Momadu. Wani ma da gangan ya canza suna don ya gudo ne daga gida ba da sanin iyaye ba. To kar ka ga sunan da ba ka sani ba ka ce takardar ba tasa ba ce, tambayi tsofaffi da wane suna abokan aikinsa ke kiransa. Sojojin yaƙin duniya na biyu lambarsu kan fara da NA. Na baya za ka ga irin 63NA ko 79NA, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka 63 ɗin lallai shekarar shigarsa ce, alhali da yawa daga waɗanda suka shiga ana tsakiyar yaƙin basasa 63NA suke ɗauke da ita. Ranar da ke rubuce a takardar sallama ita za ka bi.

Mindodin zamanin Ingila suna da sauƙin ganewa. Mai siffar tauraro mai tsini shida, sunanta na rubuce a fuskarta da Turanci. Ta Bama ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe biyu shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ta Afirka ƙyallenta launin yashi ne da jan ratsi a tsakiya. In ka ga ta Afirka to akwai yiwuwar yana cikin waɗanda suka yaƙi Italiya a gabashin Afirka, birged ta 23 ta Najeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta wuce har Harar a ƙasar Habasha. In ta Bama ce to ɗaya cikin biyu, ko runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta tafi Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ko ta 82 da ta bi baya a 1944 ta yi yankin Arakan, su biyun suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya da aka ware suka shiga cikin dakarun Chindit a 1944, waɗanda aka kai bayan layin Japanawa. Yawancinsu ba su dawo gida ba sai 1946. Abu ɗaya, waɗannan taurarin galibi ba a buga sunan mai su a jiki, don haka minda ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa tasa ce, sai ka haɗa da takarda ko shaidar baki.

Wani abin da ke taimakawa, sunayen barikokinmu ma tarihi ne. Barikin Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas, duk daga yaƙin Bama aka samo su, Bukavu ta Kano kuma sunan gari ne a Kwango inda sojojin Najeriya suka zauna a aikin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1960 zuwa 1964. Ni kaina na sha jin kakana yana ambaton wani wuri da nake ji kamar "Miyohan", ban gane ba sai da na ga sunan a rubuce. Don haka duk sunan da ka ji a bakin tsoho ka rubuta shi yadda kunnenka ya ji, gyara daga baya.

Na yaƙin basasa, wanda aka fara 6 ga Yulin 1967 aka gama 15 ga Janairun 1970, tambaya ɗaya ke buɗe maka hanya, wa ye babban kwamandanku? In ya ce Shuwa, runduna ta ɗaya kenan da ta gangaro daga arewa ta Nsukka da Inugu. In ya ce Murtala, ta biyu ce, Benin da Asaba da ƙetaren Kwara zuwa Onica da Abagana. In ya ce Adekunle ko Obasanjo, ta uku ce ta bakin teku, Kalaba da Fatakwal da Owerri. Tsoho yana iya manta lambar bataliya amma da wuya ya manta sunan kwamanda.

'Yan uwa na Nijar, naku kakannin sojan Faransa suka yi, takardunsu da Faransanci suke, wasunsu har Indochine, wato yankin Biyetnam, da Aljeriya aka kai su, sai ku nemi wanda ya iya karanta tsohon rubutun hannu na Faransanci ya zauna da ku. Na Gana kuma tare aka yi Bama da naku a waɗannan rundunonin biyu, shi ya sa akwai Burma Camp a Akara.

Mataki na 4: Jera waɗanda za ka ji ta bakinsu

Rubuta sunan duk wanda ya zauna da shi, sannan ka jera su da shekaru da lafiya, mafi tsufa da mai jinya su ne farko ko da sun fi nisa. Wannan na koye shi da ciwo, akwai ƙanwar kakana da na yi ta cewa bari sai bayan salla in je, kafin sallar ta rasu, kuma ita kaɗai ta rage da ta ga ranar da ya bar gida.

Kar ka tsaya kan maza. Matansa, ƙannensa mata, 'yar da ta yi jinyarsa, su ne suka san mutumin. In sun zauna a bariki ka tambayi matar wace ce magajiyarsu a lokacin, da me take sayarwa a kasuwar mami, nan da nan za ka ga fuskarta ta sake. Sai abokin zamansa na ƙofar gida, limamin unguwa, wanzaminsa, da duk wani tsohon soja da ke zuwa gaishe shi.

Mataki na 5: Zaman hira

Nan ne aikin yake. Lokaci mafi kyau hantsi bayan an karya, ko bayan la'asar. Kashe netwok ɗin waya kar kira ya katse ɗauka, kashe fanka da rediyo, ka ɗora wayar a kan filo kusa da mai magana, kar a ƙasa kar kuma a hannunka. Farkon ɗauka ka faɗi kwanan wata da garin da kuke da wanda kake hira da shi, in ba haka ba bayan wata shida za ka tarar da murya ashirin ba ka san ta wa da wa ba. Kuma ka nemi izini kafin ka kunna, ɗaukar muryar tsoho a ɓoye cin amana ne. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa zama ɗaya, gara ka dawo sau uku da ka gajiyar da shi rana ɗaya.

Wa zai yi tambayar? In tsohon na raye, jika ya fi ɗa. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari, amma jika yana da wasa da kaka, zai ce "Kaka, wai da gaske ka yi amai a jirgin ruwa?" a yi dariya labari ya ɓalle. Wajen mata kuma a tura mace. In matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ɗin nan, kar namiji baƙo ya je mata da waya, a bar 'yarta ko jikarta ta zauna da ita in ita ce ta so yin maganar. Kuma ka san cewa ba za ta kama sunan mijinta ba, Malam za ta ce ko mai gidan ko baban wane, kar ka matsa.

Babban kuskure shi ne ka zauna ka ce "Baba ba ni labarin yaƙi". Zai ce yaƙi ba daɗi, Allah ya kiyaye, ya yi shiru, an gama. Ka shiga ta ƙananan ƙofofi. Baba, ranar da ka tafi wa ya raka ka? Da kanka ka je ko hakimi ne ya ba da sunanka? A difo na Zariya wa ya fara aske maka kai? Nawa ne albashinka na farko kuma me ka saya? Wane saje ne ya fi ba ku wuya a fareti? Me kuke ci? Ina kuke salla, kun yi azumi a can? Wa ke rubuta maka wasiƙa zuwa gida? 'Yan Bama in ka tambaye su abinci za su ba ka labarin jirgin sama yana jefo musu buhuna da laima a tsakiyar daji, kuma gaskiya ne, haka aka ciyar da runduna ta 81 a Kaladan, sauran kayan kuma a ka ake ɗauka. Daga abinci da takalmi da ruwan sama shi da kansa zai gangara inda yake son zuwa.

In ya yi shiru kar ka cike shirun da wata tambaya, ka jira. In idonsa ya kawo ruwa ka kashe wayar ba sai ya ce ba. Kuma har abada kar ka tambayi soja mutum nawa ya kashe. Yara na yin wannan tambayar, ka hana su tun kafin a shiga. Yaƙin basasa musamman an yi abubuwa masu nauyi, abin da ya faru da fararen hula a Asaba a Oktoban 1967 sananne ne, kuma akwai tsofaffin da suka ga irin wannan da idonsu suka kwana da shi shekara hamsin. In ya buɗe maka da kansa ka saurara har ƙarshe, sannan ka tambaye shi ko yana so a rubuta ko a bar shi tsakaninku, abin da ya ce shi za ka yi.

Sai kuma rabin da mutane ke mantawa, wanda a wajena ya fi na kakin yawa. Mutumin da ya yi shekara shida ko goma sha biyu a soja ya yi arba'in ko hamsin yana uba. Ka tambayi 'ya'yansa yadda yake tashinsu da asuba, me yake yi in ransa ya ɓaci, wa ya fi shagwaɓawa, wace sana'a ya kama bayan sallama, ya aka yi ya gina gidan, wa ya sa a makarantar boko wa ya kai allo, me yake kawo wa jikoki in ya karɓo fansho. Ka tambayi matarsa da me ta ciyar da yara shekarun da ba ya nan, da ranar da aka ce mata ya mutu sai ga shi ya dawo, in hakan ta faru, don ta faru a gidaje da yawa. A namu gidan abin da ya sa kowa kuka da aka karanta ba labarin daji ba ne, labarin yadda yake gyara wa jikoki shimfiɗa ne da dare yana ja musu bargonsa na soja.

Duk daren da ka yi hira ka tura muryar wuri na biyu, imel ɗinka ko wayar wani ɗan uwa, kafin ka kwanta. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta.

Mataki na 6: Daidaita shekaru

Tsofaffinmu ba sa ƙirga da 19 kaza, da abin da ya faru suke ƙirgawa, to kai ma ka bi su haka. Zuwan Sarauniya Kaduna 1956, samun 'yanci 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980. Sai ka ce "Hajiya, da kuka koma Jos an canza kuɗi ko ana fam da sule?" Amsarta ta ba ka shekara ko kusa da ita. Haihuwar yara ma ma'auni ce, wa ke goye lokacin, wa aka yaye.

Ka ja layi a tsakiyar shafi, hagu abin da takarda ta ce, dama abin da baki ya ce. In sun saɓa kar ka zaɓi wanda ya fi daɗi. Shekarar haihuwa a takardar soja sau da yawa ƙiyasi ce, an dubi ƙirjin yaro an ba shi shekaru, don haka a nan baki na iya fin takarda gaskiya. Amma a muƙami takarda ce gaba. Gidaje da yawa suna kiran tsohonsu Samanja ko Manjo alhali kofur ya fita, laƙabi ne na girmamawa da unguwa ta ba shi. Ka rubuta duka biyun, ya fita da muƙamin kofur, mutanen unguwa na kiransa Samanja, babu abin kunya a ciki.

Mataki na 7: Leƙa waje

In na gida ya ƙare ka je ofishin ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku ko ƙaramar hukumarku da fotokwafin takardarsa, asalin ya zauna a gida. Abin da za ka fi samu a can mutane ne, wani da suka yi bataliya ɗaya ko ya san wanda ya yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, don a lokacin suke taruwa. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House, suna da amfani wajen fahimtar zamanin da yadda aka ɗebi mutane daga larduna, amma kar ka je da ran cewa fayil mai sunan kakanka na jiranka a kan tebur.

In naku bai dawo ba, ya rasu a yaƙin duniya, akwai shafin intanet na hukumar Commonwealth War Graves Commission, kyauta ne, ka sa suna ko lambar soja. Ka gwada rubutun sunan iri-iri kamar yadda na faɗa a sama, ka gwada sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Da yawa daga waɗanda suka faɗi a Bama suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, waɗanda ba a ga gawarsu ba kuma sunayensu na jikin bangon tunawa da ke wurin. Amma ka lura, waɗanda suka mutu a lokacin yaƙin ko jim kaɗan bayansa kaɗai ke ciki, wanda ya dawo gida ya tsufa ba za ka gan shi ba, kar ka ce don babu sunansa ƙarya yake yi.

Mataki na 8: Rubutawa

Ka fara da sauraren muryoyin kana kwafe su a littafi da bakin mai maganar, kar ka gyara masa Hausa. In Sakkwatanci ya yi ka bar shi, in Hausar bariki ce mai gauraye da Turanci ka bar ta, a nan muryarsa take. Sannan ka jera, asalinsa da iyayensa, shiga soja, inda aka kai shi, dawowa, aure da sana'a, zamansa da 'ya'ya da jikoki, tsufa da rasuwa. Shafi goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, wanda ya fi haka ba a karantawa a gida. Duk labarin da mutum ɗaya ne ya ba ka ka ce wane ne ya faɗa, "Goggo ta ce", "abokinsa ya ce". Kar ka ƙara masa jarumtar da ba ka ji ba, kar ka kwaso labarin yaƙi daga intanet ka sa shi a tsakiya kamar yana wurin. In direba ne ko kuku ko mai ɗaukar kaya ka rubuta haka, ba don su ba da babu wanda ya kai fagen daga.

Aibinsa kuma, an hore mu da kame baki daga mamaci, ni ba na rubuta abin da zai tozarta shi ko ya kunyata mai rai. Amma in mutum ne mai zafi za ka iya cewa mai zafi ne, 'ya'yansa sun sani, in ka mai da shi waliyyi ba za su gane ubansu a ciki ba.

Shafin ƙarshe jerin matansa da 'ya'ya da jikoki, kuma wannan shafin ya fi kowanne haɗari. Ka bi ɗaki-ɗaki, ka sa har waɗanda suka rasu suna jarirai, uwarsu ba ta manta ba. Soja kuma mai yawo ne, ana samun wanda ya yi aure a Makurɗi ko Inugu ya bar ɗa a can. In irin wannan ta fito kar ka yanke hukunci kai kaɗai, ka mayar wa manyan gida.

Mataki na 9: Karanta wa gida, sannan a buga

Kafin ka kai wajen masu bugawa ka tara manya ka karanta musu da babbar murya daga farko har ƙarshe, biro a hannunka. Za a gyara maka sunaye, za a yi gardama kan shekara, wani zai tuno abin da bai faɗa ba, duk ka rubuta. In babu kuɗin ɗab'i, a buga a kwamfuta a yi fotokwafi a ɗinke, kowane ɗaki kwafi ɗaya, ya wadatar. Ga waɗanda ba sa karatun boko ka sa mai murya mai daɗi ya karanta a ɗauka a tura guruf ɗin gida na WhatsApp, ko a samu almajiri ya juya shi da ajami don tsofaffi. In za ka sa wani abu a Facebook ka rufe lambar sojan da duk bayanin fansho da na banki a jikin hoton, 'yan damfara na bin irin waɗannan suna kiran iyalai da sunan za a fitar musu da haƙƙin mamaci. Hoto kuma akwai gidajen da ba sa son a rataya na mamaci a bango, ka bar shi cikin littafin kawai.

Ranar rabawa mu a gidanmu sauka aka yi aka yi masa addu'a aka ba da sadaka, wasu gidajen kuma ba sa taro, sai su haɗa kuɗi su gyara rijiya ko su sayi tabarmin masallaci da niyyar ladan ya kai masa, kowa da fahimtar malamansa, kar wannan ya zama abin faɗa. Asalin takardu da mindodi a mayar cikin ambulan na kwali, ban da leda don tana tara gumi, a sa a akwatin a ɗora shi a kan wani abu ya bar ƙasa saboda gara, a rubuta a littafin sunan wanda aka damƙa wa, kuma duk shekara bayan damina a buɗe a duba.